Rigunan Matar Fasto a Shagon Goggo

Ranar da aka zauna rubuta tarihin wayewar ɗan'adam bisa adalci, dole a ware babi guda domin hannun riga. Na karanta labarin dauloli da suka tashi suka faɗi, na kuma koyar da wasunsu ga 'yan aji shida har maƙogwarona ya gaji, amma ban ga sarkin da ya juya talakawansa da sauri kamar yadda Goggona ta juya kafaɗun matan unguwarmu ta Nima ba. Cikin shekara uku, babu suna, babu aure, babu Idin da za ka je tsakanin Nima da unguwar Alajo ba ka ga aikin hannunta ba. Wannan juyin kuwa daga sararin samaniya ya sauko, ta kan rufin gidanmu, kuma ban da Goggo ni kaɗai na san haka.

Gidanmu gidan gado ne. Kakanmu saje ne a 'yan sandan Turawa, daga ƙasar Katsina ya zo, ya bar mana ɗaki goma sha ɗaya, famfo ɗaya, da tabbacin cewa Hausarmu ta fi ta maƙwabta. Goggo, yayar mahaifina, tela ce, shagonta na ƙofar gida. Baffa, ƙaninta, shi ne mai gida tun rasuwar mahaifina, kuma na'ibin liman a masallacin lungunmu. Sai ni, da kowa ke kira Ticha. A ɗakin ƙurya akwai 'yar hayar da ta fi kowa daɗewa, wata Bafanta, 'yar ƙabilar bakin teku, mai sayar da kenke, wato dafaffen ƙullun masara, da soyayyen kifi, Kirista, muna ce mata Maame. Ta ci naman layyarmu ta ba mu biskit ɗin Kirsimeti tun ina ɗan firamare.

Baffa ne ya sayo dish, gab da wani azumi, don ya riƙa ganin sallar Harami kai tsaye. An gaya masa irin wanda ba a biyan kuɗin wata ne, sau ɗaya za ka saya ka huta. Mai ɗaurawar wani mutumin Tawa ne, dogo, marar magana. Ya hau rufi yana juya faifan a hankali, mu kuma muna ƙasa muna ce masa ya zo, ya tafi, ya dawo. Da hoto ya tsaya ya sauko ya sa dikoda ta nemo tashoshi. Ta yi ta ƙirga su har Baffa ya fara murmushi irin na wanda ya yi ciniki mai kyau.

"Alhaji, ga taka," in ji mutumin Tawa. Ka'aba ta fito, ana ɗawafi.

Baffa ya yi hamdala, ya karɓi rimot, ya danna gaba don ya ga sauran dukiyarsa. Wani mutum cikin farar kwat ya fito yana gumi, yana nuna mu da yatsa. Ya danna. Wani cikin jar kwat. Ya danna. Mawaƙa sun kai ɗari, suna tafi. Ya yi ta dannawa har babban yatsansa ya gaji, bai fita daga coci ba. Can ƙarshe akwai tashoshin rediyo, babu hoto sai murya, su ma fastoci ne.

"Malam, ni Makka na ce maka."

"Makka na nan, Alhaji. Amma na kyauta haka yake zuwa, a cakuɗe. Kamar gyara ne a kasuwa, ba a zaɓa."

Baffa ya sa aka goge su ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya cinye tsakanin azahar da la'asar. Daga faifan aka ja waya zuwa ɗakina, da ɗakin Maame, da shagon Goggo, kowa da dikodarsa. Da mutumin Tawa ya zo zai goge na shago, Goggo tana kan keke ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Bar su, bawan Allah, ka gaji. Ni ba kallo nake ba."

Bayan 'yan watanni sababbin salo suka fara fita daga shagon. Hannun riga mai kumbura a kafaɗa ya tsuke a gwiwar hannu, wuya mai naɗi kamar furen kabewa, ɗaurin kallabi da sai mace ta sunkuya kafin ta shiga trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya. In aka tambaye ta daga ina, sai ta ɗaga gira ta ce, "Dubai." Ba ƙarya ce tsagwaronta ba. A hanyar aikin Hajji jirginsu ya sauka a Dubai, ta yi awa huɗu a filin jirgi, uku daga ciki tana barci. Kalmar nan guda ita ta ɗaga ta sama da sauran teloli, musamman wata tela a Maamobi, ƙetaren babbar kwata, wadda suka koyi ɗinki a hannun mace ɗaya tun suna 'yan mata, kuma tun lokacin suke gaisawa da haƙora.

Wata Lahadi da hantsi Goggo ta kira ni. Na tarar ta rufe shago, ta saki labule, ta zauna gaban talabijin da alli a bayan kunne da littafin rubutu da na tabbata daga jakata ya fito. A gilashi ana tsakiyar ibada, amma babu sauti ko kaɗan.

"Ticha, zauna. Bokon nan naka yau zai yi amfani. Rubutun da ke gudu a ƙasan nan, me yake cewa?"

"Cewa yake ranar Asabar akwai taron mata."

"Ƙarfe nawa?"

"Goggo, me kike yi?"

"Aiki nake. Ƙarfe nawa?"

A ranar na shiga sirrin, bayan ta sa na rantse da kabarin mahaifina. Goggo ta gano abin da masana ba su gano ba: babu inda mata ke taruwa da mafi kyawun kayansu, a jere, cikin haske, mako-mako, kyauta, kamar coci. Ta san tashoshin nan kamar yadda Baffa ya san ruwayoyi. Na Legas don ɗaurin kai, na Kinshasa don hannu, na Kumasi don rigar kaba da siket. Na Amurka ta ce ba su da amfani, huluna ne kawai. Faston da ke tsawaita wa'azi ba ta ƙaunarsa, don kyamara na liƙe masa. Lokacin da take jira shi ne na baiko, sa'ad da mata ke yin layi su je gaba su saka kuɗi su juyo. A tafiya ta ga bayan riga, a dawowa ta ga gabanta.

Sauti kuwa ba ta taɓa buɗewa ba. Ta ce idonta ta aika, ba kunnenta ba.

Gwanarta ita ce matar wani fasto, doguwa mai siririn wuya, da ke zama a kujerar gaba, ba ta maimaita kaya. A bayan mumbarin cocin an jera tutocin ƙasashe, sunan cocin kuma na ɗauke da duk kalmomin Turancin da ke nufin duniya baki ɗaya. Ni da Goggo muka yi shawara muka yanke cewa a Landan yake. Akwai lambobin waya da ke gudu a ƙasa, amma ban taɓa dubawa ba, don ba ni da niyyar kira. Duk rigar da matar nan ta sa, Goggo za ta zana ta, sannan ta musuluntar da ita: ta ɗaga wuya, ta kai hannu wuyan hannu, ta toshe tsagar siket. Ni kuma na zama mai riƙe da kalandar coci. Na san ranar bikin Ista kafin Maame ta sani.

Talabijin ba ya tsayawa a auna shi, saboda haka Goggo ta ƙirƙiro hanyarta. In matar fasto ta miƙe, sai ta ɗora tafin hannu a gilashi ta auna da taƙi, tsawon hannu nawa, kafaɗa nawa. In mawaƙa suka ɗaga hannu sama, ita ma sai ta miƙe ta ɗaga nata tana rangaji, don ta ji inda hammata za ta ja.

Haka Maame ta gan ta. Ta zo aron almakashi, iska ta ɗaga labule, ta ga Hajiyar gidanmu tsaye, hannu ɗaya a sama, ɗaya a kan gilashi, daidai lokacin da fasto ke cewa duk mai kallo a gida ya taɓa talabijin ya karɓi rabonsa. Goggo ba ta jin abin da yake faɗa. Maame kuwa ta san shirin da ka.

Ba da mugunta ta yaɗa ba. Murna ce ta fi ƙarfinta. Da yamma ta tare Goggo a bakin famfo ta rungume ta, idonta da ƙwalla. "Hajiya, na gan ka. Ba zan gaya kowa ba." Hausar Maame ba ta raba mace da namiji. Daga nan ta gaya wa mai sayar mata da gawayi, don ya taya ta addu'a. Mai gawayi na da mata, matar na da rumfa a kasuwar Malam Atta. Kafin Laraba labarin ya haye kwata ya dawo, ya ƙara ƙiba a hanya: an ce har an ga Goggo da farar riga a bakin teku.

Lokacin bai yi daɗi ba. Wata babbar 'yar kasuwa da muke kira Hajiya mai albasa za ta aurar da autarta bayan mako uku, ta kuma ba Goggo aikin duka: kayan uwar amarya, da yayi, wato atamfa iri ɗaya da ƙawaye da dangi ke ɗinkawa, abin da mutanen Kano ke ce wa anko. Aikin da ya fi wannan bai taɓa shiga shagon ba, kuma kowa ya san telar Maamobi ta neme shi ta rasa. Hajiya mai albasa ta aiko cewa ta ji wata magana, tana jiran ta ji ƙarya ce.

Na ce, "Goggo, ki faɗi gaskiya kawai. Ki nuna musu littafin."

Ta dube ni kamar yadda nake duban ɗalibin da ya ce Bahar Maliya na Kumasi. "Ticha, wanda aka ce ya bar addini, kalmar shahada ɗaya ta wanke shi. Telar da aka ce kwafa take yi, wa zai wanke ta? In waccan ta Maamobi ta ji, gobe za ta sayi dish. In mata suka ji, kowace za ta zauna a ɗakinta ta zaɓi riga ta kai wa mai araha. Dubai ɗin nan ita nake sayarwa."

Baffa ya kira zama bayan la'asar, a tsakar gida. Abin ya yi masa nauyi, don Goggo ce ta goya shi, kuma ba ta bari a manta. Ya yi gyaran murya har sau uku.

"Yaya, ana magana."

"Tun kana tsumma ake magana, Malam."

"An ce an gan ki kin ɗaga hannu."

"Kafaɗata ce ke ciwo."

"An ce kin taɓa gilashi."

"Ƙura na share."

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Me kike nema wurin mutanen nan?"

"Na fasa salla? Na fasa azumi? Wa ya tashe ka asuba yau?"

Baffa ya juyo gare ni. "Ticha, kai fa? An ce kana shiga."

Na ce ina shiga gyaran rimot. Kabarin mahaifina na gefe guda, idon ƙaninsa na gefe guda, na zaɓi kallon famfo. Baffa ya yanke hukuncin da ya fi sauƙi: ya ɗauko filaya ya datse wayar shago da hannunsa, ya naɗe ta ya kai ɗakinsa.

Matsalar ita ce Goggo ba ta riga ta sami rigar uwar amarya ba. Ta ajiye wannan ga Lahadi mai zuwa, ranar da na karanta mata cewa cocin Landan zai yi bikin godiya na shekara, ranar da matar fasto ke fito da abin da ta fi ji da shi. Ɗakina na jikin na Baffa, tari ma yana ji. Waya ɗaya ta rage a gidan.

Ranar Lahadi da hantsi Goggo ta yafa mayafi, ta ɓoye littafi a hammata, ta ja ni muka ƙwanƙwasa ƙofar Maame. Maame ta fasa zuwa coci saboda baƙuwa irin wannan. Ta shimfiɗa sabon zane a kujera, ta kawo lemo, ta kunna tashar da Goggo ta nuna, ta ƙure sauti.

Karon farko ke nan da muka ji muryar faston Landan. Ya buɗe baki ya yi Turanci jimla biyu, sannan ya zarce da yaren Ga na mutanen garinmu, irin na kwandastan trotro, ya sanar cewa mai motar da ta tare ƙofar mai wankin mota ya je ya gyara fakin.

Goggo ta ce, "Maame, a Landan ma suna jin Ga?"

"Wane Landan, Hajiya? Alajo ne. Bayan gidan mai. Cocin ƙanwata ne, ga shi can ya sa kore. In ka shirya, mu shiga trotro yanzu, kafin baiko mun kai."

Goggo ta kalle ni, na kalli tutocin. Sai matar fasto ta miƙe cikin wani leshi ruwan zuma, da naɗi daga kafaɗar hagu zuwa ƙugu, kuma duk abin da mutum zai ce game da Alajo, rigar ta isa riga. Goggo ta zaro littafi ta fara zane. Maame ta leƙa don ta ga ayar da aka rubuta, ta ga hannun riga. Ta daɗe tana kallo. Daga baya ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ita ma ta daɗe tana mamakin yadda mutum zai karɓi ceto yana lumshe ido ɗaya kamar mai saran yadi. Ta yi alkawarin rufe baki, kuma wannan karon ta cika, ina jin don labarin farko ya fi daɗin bayarwa.

Amma an ga Goggo tana fitowa daga ɗakin Kirista ranar Lahadi, bayan awa biyu na waƙoƙin da duk lungu ya ji. Washegari Hajiya mai albasa ta aiko a kwaso mata atamfofinta. Goggo ta roƙi kwana ɗaya. Ta ɗauki littafin ta shiga ɗakin Baffa, ta ce in tsaya a bakin ƙofa.

Baffa ya yi ta buɗa shafi. Na ga kafaɗunsa sun sauka, ya yi hamdala a hankali. Sai ya tsaya a wani shafi.

"Yaya, wannan ba ita ce rigar da maiɗakina ta sa ranar Idi ba?"

"Ita ce."

"A ƙasa an rubuta Ista."

"Ticha ne ya rubuta. Na ɗaga wuyan, na ƙara hannu. Kai da kanka ka yaba."

Ya rufe littafin, ya daɗe yana shafa gemu. Goggo ta ce ya wanke ta a gaban jama'a, amma kada ya ambaci ɗinki. Ya ce shi ba zai yi ƙarya a ƙofar masallaci ba. Ta ce ba ta ce ya yi ƙarya ba, ya nemo gaskiyar da za ta yi daidai da wurin, ai aikinsa ke nan.

Bayan la'asar, mutane na neman takalmansu, Baffa ya ce yana da magana. "Na bincika zancen yayata da kaina. Shekara uku ana wa'azi a shagonta, wallahi ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba."

Kowane harafi gaskiya ne. Kafin magariba Goggo ta tashi daga wadda ake zargi ta koma abar misali. Aka ce fastocin duniya sun taru a kanta shekara uku sun kasa. Wata malama ta kawo labarinta a wa'azin mata. Hajiya mai albasa ta zo da kanta ta ba da haƙuri, ta ƙara da buhun albasa. Baffa ya mayar da wayar, ya haɗa ta da salatif, bai kalli kowa ba.

Ranar biki aka toshe titi da rumfuna kamar yadda aka saba. Uwar amarya ta fito cikin leshi ruwan zuma, naɗi daga kafaɗar hagu zuwa ƙugu, mata suka yi ta guɗa suna tambaya. Goggo na zaune tana ɗaga gira. Ina tsaye bayan kujerarta na kawo mata ruwa, sai ga telar Maamobi. Ta zagaya uwar amarya sau ɗaya, ta kama gefen naɗin ta juya ta duba ɗinkin ciki, sannan ta zo ta zauna kusa da Goggo. Suka gaisa, suka tambayi gwiwoyin juna.

"Dubai?" in ji ta.

"Dubai."

"Kin kyauta da kika ƙara hannun. Ni ma haka na so in yi, Madam ta ƙi. Ta ce zafi."

Goggo ta ajiye ruwan. "Wace Madam?"

"Matar faston Alajo. Shekara biyar ni ke mata ɗinki." Ta gyara mayafi, ta rage murya. "Kada ki damu, ba zan faɗa ba. Ni ma Dubai nake ce mata. In na zo bikinku na ga abin da kika fitar, sai in sauke wuyan, in rage hannun, in kai mata. Naɗin nan ma daga wanda kika yi na sunan jikar liman na ɗauko, na mai da shi hagu."

Suka zauna suna kallon masu rawa. Can Goggo ta ce naɗin ya fi kyau a hagu. Telar Maamobi ta ce ta gode.

Na taɓa karanta wa ɗalibaina nisan da saƙo ke yi daga ƙasa zuwa tauraron ɗan'adam ya dawo kan rufi, suka riƙe baki. Daga shagon Goggo zuwa na telar Maamobi tafiyar minti goma ce, in ka bi ta gadar katako.